Ikon Shugaban Ƙasa na Kafa Dokar Ta-ɓaci da Tura Sojoji Cikin Gida: Nazari daga Ƙasar Gwandu da Kalgo

Tsakure

Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba Shugaban Ƙasa hanyoyi biyu na ɗaukar matakin gaggawa idan zaman lafiya ya taɓarɓare a cikin gida: ayyana dokar ta-ɓaci bisa sashe na 305, da tura sojoji su agaza wa hukumomin farar hula bisa sashe na 217 da na 218. Hanya ta uku, wato miƙa mulki da shari'a a hannun soja, ba ta da gurbi a kundin. Maƙalar ta bi diddigin waɗannan matakai ta fuskar doka da tarihi, tana kafa hujja da ƙasar Gwandu da sauran sassan Jihar Kebbi. Ta gano cewa hanyar farko an kewaye ta da sharuɗɗa kuma ba kasafai ake bin ta ba, ta biyu kuwa ita ake bi kullum, alhali ba ta da wa'adi, ba ta kuma jiran amincewar majalisa.

1.0 Gabatarwa

Jihar Kebbi tana iyaka da ƙasashe biyu, Nijar da Benin, tana kuma maƙwabtaka da jihohin Sakkwato da Zamfara da Neja, waɗanda suka daɗe suna fama da 'yan bindiga. Masarautar Gwandu, ɗaya daga cikin masarautu huɗu na jihar tare da Argungu da Yawuri da Zuru, ita ta ƙunshi Birnin Kebbi da Gwandu da Kalgo da Jega da wasu ƙananan hukumomi. Hare-hare mafi muni sun fi aukuwa a ƙasar Zuru da Yawuri, daga baya kuma a arewacin Argungu, amma matakan tsaron da suke jawowa suna shafar jihar baki ɗaya. Manomin shinkafa a fadamar Kalgo, da ɗan kasuwar da ke ɗaukar kaya daga Gwandu zuwa Jega, da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi wadda mazauninta na dindindin ke Kalgo, duk rayuwarsu na rataye da hukuncin da ake yankewa a Abuja game da inda soja zai je da lokacin da zai tashi.

Duk lokacin da aka kai babban hari sai a ji kira iri biyu. Wasu su ce a ƙaro sojoji, wasu su ce a kafa dokar ta-ɓaci. A ɗaya gefen kuma akwai masu fargabar kada gaggawar tsaro ta zama ƙofar da mulkin soja zai dawo ta baya. Amsar waɗannan duka tana cikin kundin tsarin mulki da yadda aka yi aiki da shi tun 1999.

2.0 Matakai Uku da Ake Cakuɗawa

Mataki na farko shi ne tura sojoji. A nan gwamna na kan kujerarsa, majalisar jiha na zama, kotuna a buɗe suke, soja mataimaki ne kawai ga 'yan sanda. Na biyu shi ne dokar ta-ɓaci, inda gwamnatin farar hula ke samun ƙarin iko na ɗan lokaci, har ta iya taƙaita wasu haƙƙoƙi. Na uku shi ne dokar soja, inda kwamanda ke maye gurbin mai mulki, kotun soja kuma ta yi wa farar hula shari'a.

Mataki na uku haramtacce ne. Sashe na 1(2) ya hana kowa mulkar Nijeriya ko wani yanki nata sai ta hanyar da kundin ya tanada, sashe na 6 kuma ya danƙa ikon shari'a ga kotuna. Kotun soja tana hukunta waɗanda ke ƙarƙashin dokar aikin soja ne kaɗai. Saboda haka Shugaban Ƙasa, ko da yake shi ne Babban Kwamandan Askarawa, ba shi da ikon rufe kotun majistare a Gwandu ya ce wani hafsan soja ya saurari ƙararrakin mutane. Dokar hana fita da gwamnoni kan sa, kamar wadda Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa a birnin Sakkwato a watan Mayu 2022, ita ma ba dokar soja ba ce, ko da an ga sojoji a titi suna tabbatar da ita.

3.0 Abin da Tarihin Ƙasar Gwandu Ya Nuna

Damuwa kan mai makami da ya fi ƙarfin doka ta girmi Nijeriya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka danƙa wa yammacin Daular Usmaniyya a rabon 1812, ya taɓa barin rundunar jihadi wajajen 1807 saboda takaicin halin wasu mayaƙa da suka karkata ga ganima da sarauta. Ya nufi gabas, ya tsaya Kano, inda ya rubuta Diya'ul Hukkam, littafin da ya shimfiɗa wa masu mulki ƙa'idojin shawara da bin shari'a.

Zuwan Turawa ya nuna wa ƙasar yadda ikon soja marar linzami yake. A watan Fabrairu 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka kashe Turawa uku da sojoji kimanin 25. A ranar 10 ga Maris rundunar mulkin mallaka ta koma ta shafe garin, aka kashe mutane kimanin 2,000, ba tare da wata kotu ta tantance mai laifi da marar laifi ba. Abin bai tsaya can ba. Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru ya rasa gadonsa a shekarar bisa zargin goyon bayan masu tawaye, aka naɗa Haliru, fadar masarautar kuma ta koma Birnin Kebbi. Hukunci ɗaya na gaggawa ya canza sarki ya kuma canza mazaunin sarauta.

Bayan samun 'yanci, Nijeriya ta san dokar soja ta hanyar juyin mulki, daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999 in ban da 'yan watannin gwamnatin riƙon ƙwarya a 1993. Kowace gwamnatin soja takan fara da dakatar da sassan kundin tsarin mulki. Doka ta 2 ta 1984 ta ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba, kotunan soja na musamman kuma suka yi wa tsofaffin gwamnoni hukunci. Ita kanta Jihar Kebbi a ƙarƙashin mulkin soja aka ƙirƙiro ta, ranar 27 ga Agusta 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida, kuma soja ne, Patrick Aziza, ya fara riƙe ta. Wannan tarihin ne ya sa kundin 1999 ya toshe ƙofar dokar soja, ya kuma ɗaure dokar ta-ɓaci da sharuɗɗa.

4.0 Dokar Ta-ɓaci: Sashe na 305

Sashe na 305 ya lissafa yanayin da ke halatta ayyana dokar ta-ɓaci: yaƙi, ko barazanar mamaya, ko rushewar doka da oda har a buƙaci matakin da ya wuce na yau da kullum, ko tabbatacciyar barazanar hakan, ko annoba da bala'i, ko wani haɗari da ke barazana ga wanzuwar tarayya, ko kuma roƙon gwamna wanda kashi biyu cikin uku na majalisar jiharsa suka mara wa baya.

Hanyar ayyanawa ma a fayyace take. Shugaban Ƙasa zai wallafa sanarwar a jaridar gwamnati ta gazet, ya aika wa Shugaban Majalisar Dattawa da Kakakin Majalisar Wakilai. Idan majalisa na zama, kwana biyu ke gare ta, idan tana hutu kwana goma, ta amince da rinjayen kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa. In ba a samu ba, dokar ta faɗi. In an samu, wa'adinta wata shida ne, kuma ba a tsawaita ta sai da irin wancan rinjaye. Majalisun biyu na iya soke ta a kowane lokaci da ƙaramin rinjaye. Sashe na 45 ya ƙara da cewa taƙaita 'yancin walwala a lokacin ta-ɓaci sai da dokar majalisa, kuma gwargwadon buƙata. Ba a yarda a ɗauki rai ba sai a fagen yaƙi, ba a kuma hukunta mutum kan abin da ba laifi ba ne a lokacin da ya aikata shi.

An yi amfani da wannan iko sau kaɗan. A 1962 gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kafa dokar a Jihar Yamma bisa kundin wancan lokaci, ta naɗa Dakta Moses Majekodunmi kantoma. Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa ta a Filato a watan Mayu 2004, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye ya naɗa Manjo Janar Chris Alli mai ritaya, ya sake kafa ta a Ekiti a watan Oktoba 2006. Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa ta a ƙananan hukumomi 15 a ƙarshen 2011, sannan a jihohin Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayu 2013, amma bai taɓa kujerar gwamna ko ɗaya ba. A ranar 18 ga Maris 2025 Shugaba Bola Tinubu ya kafa ta a Ribas, ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da majalisar jihar na wata shida, ya naɗa tsohon hafsan sojan ruwa Ibok-Ete Ibas kantoma.

Taƙaddama ta fi zafi a kan dakatar da zaɓaɓɓu. Sashe na 305 bai ambaci tsige gwamna ko dakatar da shi ba, sashe na 11(4) kuma ya ce ko Majalisar Tarayya ta karɓi aikin majalisar jiha, hakan bai ba ta ikon cire gwamna ko mataimakinsa ba. A batun Ribas an kuma soki yadda majalisa ta amince da murya kawai, alhali kashi biyu cikin uku lissafi ne da sai an ƙidaya. A watan Disamba 2025 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar da wasu jihohin jam'iyyar PDP suka shigar bisa rashin hurumi, amma mafi rinjayen alƙalan suka bayyana cewa Shugaban Ƙasa na iya dakatar da zaɓaɓɓu na ɗan lokaci, alƙali ɗaya kuma ya saɓa. Abin lura shi ne, uku daga cikin waɗannan lokuta, Jihar Yamma da Ekiti da Ribas, rikicin siyasa ne ya jawo su. Kebbi da Zamfara da Sakkwato da Katsina, duk da rayukan da aka rasa, ba a taɓa kafa musu dokar sashe na 305 ba.

5.0 Tura Sojoji: Sashe na 217 da na 218

Sashe na 217(2)(c) ya sa murƙushe tawaye da taimakon hukumomin farar hula wajen maido da oda cikin ayyukan soja, idan Shugaban Ƙasa ya kira su, amma bisa sharuɗɗan da dokar Majalisar Tarayya za ta gindaya. Sashe na 218 ya ba shi ikon tsara yadda za a yi amfani da rundunar, ya kuma ba majalisa ikon daidaita wannan iko da doka. Dokar Rundunar Soja, a sashenta na 8, ta maimaita ikon Shugaban Ƙasa, ta ce ya haɗa da amfani da soja a cikin gida don kiyaye lafiyar jama'a da oda. Sai dai ba ta sa wa'adi ba, ba ta buƙaci amincewar majalisa ba, ba ta kuma wajabta kai mata rahoto ba.

Girman wannan giɓi yana fitowa idan aka kwatanta shi da tura soja waje. Sashe na 5(4) ya hana tura ko soja ɗaya fagen yaƙi a wata ƙasa sai da amincewar Majalisar Dattawa, sashe na 5(5) kuma ya ce in gaggawa ta sa aka tura, a nemi amincewar cikin kwana bakwai. Shi ya sa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, da ƙungiyar ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi, sai da Shugaban Ƙasa ya rubuta wa Majalisar Dattawa, ita kuwa ta ba da shawarar a bi hanyar sulhu. Ma'ana, kafin soja ya tsallaka iyaka a Kamba da niyyar yaƙi sai sanatoci sun yi magana, amma ana iya girke bataliya guda a Kalgo shekara biyar ba tare da an kaɗa ƙuri'a ko ɗaya a majalisa ba.

Wuri guda da aka ja layi sosai shi ne zaɓe. A farkon 2015 Babbar Kotun Tarayya a Sakkwato da takwararta a Legas sun yanke cewa ba a tura soja aikin zaɓe ba tare da dokar majalisa ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ta taƙaita aikinsu ga rakiyar kayan zaɓe da kare ma'aikata, ta kuma ce hukumar zaɓe ta INEC ce za ta neme su. Wannan ya nuna majalisa na iya gindaya sharuɗɗa in ta ga dama.

6.0 Yadda Abin Yake a Kebbi

Sojojin da ke Kebbi, ciki har da na barikin Dukku a Birnin Kebbi da na Zuru, suna ƙarƙashin Runduna ta 8 mai hedikwata a Sakkwato. Sun yi aiki a ƙarƙashin farmakin Hadarin Daji, daga 2024 kuma Fansan Yamma. Dalilan kiran su ba ɓoyayyu ba ne: sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yuni 2021, kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba a watan Maris 2022, da harin 'yan ƙungiyar Lakurawa a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba 2024, inda mutane 15 suka rasu. Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a 2021, Lakurawa kuma a watan Janairu 2025. 'Yan sanda kaɗai ba su da kayan aikin tunkarar mayaƙa masu zuwa a kan babura da dama ɗauke da manyan bindigogi, don haka jama'a da kansu ke roƙon a kawo soja.

Matsaloli uku ke biyo baya. Ta farko ita ce rayuwar yau da kullum. A wurare da yawa a Arewa, shingen soja buhunan yashi ne da ganguna a tsakiyar titi, inda mai babur kan sauka ya tura da hannu har ya wuce, direba ya kashe fitilar gaba ya kunna ta ciki da dare. Ba dokar majalisa ce ta tsara waɗannan ba. Umarnin wanda ke wurin ne. Amma haƙƙin wanda aka tsare bai ragu ba. Sashe na 35 ya ce a gurfanar da shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Wanda aka kama a Kalgo bai yi nisan hakan da kotunan Birnin Kebbi ba, don haka ajiye shi makonni a bariki ya saɓa wa kundin. Haka nan rufe layukan waya a Zamfara da sassan Sakkwato da Katsina a 2021, da rufe kasuwannin ƙauye da hana sayar da fetur a jarka, matakai ne masu nauyin ta-ɓaci da aka ɗauka ba tare da bin sashe na 305 ba, saboda haka ba su da wa'adin wata shida balle ƙuri'ar majalisa.

Ta biyu ita ce kuskure da wuce gona da iri. Kisan farar hula da sojoji suka yi a Odi a 1999 da Zaki Biyam a 2001 ya kai ga kotuna sun umarci gwamnatin tarayya ta biya diyyar biliyoyin naira. Game da farmakin soja a Zariya a watan Disamba 2015, hukumar binciken Jihar Kaduna ta tabbatar da mutuwar mutane fiye da 340. A Tudun Biri a watan Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya hallaka aƙalla mutane 85 a wajen Mauludi. A ƙaramar hukumar Silame ta Sakkwato, wadda ba ta da nisa da ƙasar Gwandu, farmakin sama kan Lakurawa ranar 25 ga Disamba 2024 ya yi sanadin mutuwar aƙalla mazauna ƙauye 10. A mafi yawan irin waɗannan, rundunar ce ke binciken kanta.

Ta uku ita ce janyewa. A ranar 17 ga Nuwamba 2025 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da ɗalibai 25. Gwamna Nasir Idris ya bayyana a fili cewa an girke sojoji a makarantar bayan samun rahoton sirri, amma suka tashi jim kaɗan kafin harin, ya kuma nemi a faɗi wanda ya ba da umarnin. Tambayar ta fito da tsarin fili. Ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiharsa, alhali soja ba ya karɓar umarninsa, kwamishinan 'yan sanda ma sashe na 215(4) ya ba shi damar neman a miƙa umarnin gwamna ga Shugaban Ƙasa kafin ya aiwatar. Hakimi da dagaci su ne kan fara jin labarin baƙin fuska a daji, amma babu dokar da ta ce a sanar da su ko gwamna kafin a janye dakaru. Gaggawar tsaro ta ƙasa baki ɗaya da Shugaba Tinubu ya sanar ranar 26 ga Nuwamba 2025 ta ƙunshi ƙara ɗaukar 'yan sanda da sojoji, ba ta taɓa wannan giɓi ba.

7.0 Darasi daga Wasu Ƙasashe

Amurka ta hana amfani da sojan tarayya wajen aikin 'yan sanda tun dokar Posse Comitatus ta 1878, sai dai dokar murƙushe tawaye ta 1807 ta bar wa shugaban ƙasa ƙofa mai faɗi. Kotun Ƙolin ƙasar kuma ta yanke tun 1866 cewa ba a yi wa farar hula shari'a a kotun soja muddin kotunan farar hula na aiki. A Koriya ta Kudu, Shugaba Yoon Suk Yeol ya ayyana dokar soja daren 3 ga Disamba 2024, 'yan majalisa 190 suka soke ta cikin sa'o'i kaɗan, Kotun Tsarin Mulki kuma ta tabbatar da tsige shi a watan Afrilu 2025. Misalin da ya fi dacewa da Nijeriya shi ne na Afirka ta Kudu, inda sashe na 201 na kundinsu ya wajabta wa shugaban ƙasa, duk lokacin da ya tura soja su taimaki 'yan sanda, ya gaggauta sanar da majalisa dalili da wuri da yawan dakaru da tsawon lokaci.

8.0 Shawarwari da Kammalawa

Gyaran da ake buƙata bai kai ga sauya kundin tsarin mulki ba, domin sashe na 217 da na 218 sun riga sun ba Majalisar Tarayya dama. Ya kamata ta yi dokar da za ta ƙunshi abubuwa biyar: sanar da majalisa a rubuce duk lokacin da aka tura soja cikin gida, wa'adin da ba a sabunta shi sai da ƙuri'a, miƙa duk farar hular da soja ya kama ga 'yan sanda cikin lokacin da sashe na 35 ya ƙayyade, hukumar bincike mai zaman kanta da tsarin diyya idan an kashe farar hula, da wajabta tuntuɓar gwamna da kwamitin tsaron jiha, wanda ya kamata sarakuna su kasance ciki, kafin a janye dakaru daga makaranta ko gari. Game da sashe na 305, ya dace dokokin majalisun biyu su wajabta ƙidaya ƙuri'a da suna.

Shugaban Ƙasa ba shi da ikon kafa dokar soja a Gwandu ko Kalgo ko wani yanki na Nijeriya. Yana da ikon kafa dokar ta-ɓaci, amma na ɗan lokaci kuma da yardar majalisa. Yana da ikon tura sojoji, kuma wannan ne ikon da ya fi faɗi, ya fi shafar talaka, ya kuma fi ƙarancin sa ido. Nauyin daidaita shi yana wuyan Majalisar Tarayya, ciki har da sanatoci uku da 'yan majalisar wakilan da Jihar Kebbi ke turawa Abuja.